Fentin da na yi wa heda ya ƙone cikin kwana uku, wanne ne na gaskiya?

Baban_Nusaiba:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Dan Allah masana ku ceto ni. Manifol ɗin motata na kas, wato ƙarfen zubin nan da ke kwashe hayaƙi daga bakin inji, shi ne ya tsage, sai na cire shi na sa heda irin mai bututu huɗu da suke haɗewa su zama ɗaya, baƙin ƙarfe ne ba sitenles ba. To gudun kar tsatsa ta cinye min shi sai na sayi fentin gwangwani wanda aka rubuta yana jure zafi na fesa masa har shafe huɗu, yayi baƙi wuluk yana sheƙi wallahi har hoto na ɗauka. Kwana uku kacal na buɗe bonet na tarar daga bakin inji zuwa kamar taƙi ɗaya duk ya koma ruwan toka, in ka shafa yana zubowa kamar amosani, amma can ƙasa wajen mahaɗar yana nan ƙalau. Wane fenti ne yake iya zama a wajen nan? Ko dai in haƙura in naɗe shi da ƙyallen nan mai jure zafi da ake naɗa wa bututun salansa?

Garba_Fanel:
Wa alaikumus salam. Kafin a ce komai juya gwangwanin ka karanto mana lambar da ke jiki, da harafin da ke gaban lambar.

Baban_Nusaiba:
500 ne Oga, sai ɗan zagaye a sama sai F

Garba_Fanel:
To ai ga ta nan a fili. Wannan fentin jikin inji ne ba na salansa ba. An yi shi ne don bulok da murfin saman inji, wuraren da ruwan lagireto yake riƙe musu zafi. 500 ɗin da ka gani na Faranhait ne, in ka mayar Salshiyos 260 ne kawai. Kai kuma ka kai shi inda wuta take fitowa. Kwana ukun ma ai ya yi maka kara.

Injiniya_Hadi:
Bari in ƙara kan abin da Oga Garba ya faɗa, don wannan F da C ɗin sun ci kuɗin mutane da yawa. Hayaƙin da yake fita daga injin fetur in mota na tafiya da lodi ko tana hawan tudu yana kaiwa 600 zuwa 800 a Salshiyos, in mai tobo ce, wato fankar da hayaƙi ke juyawa don ƙara wa inji ƙarfi, yana haura 900. Ƙarfe kuwa daga wajen 525 yake fara yin ja in ka kalle shi cikin duhu, shi ya sa wasu ke buɗe bonet da dare bayan doguwar tafiya su ga bututun yana haske kamar garwashi. Kuma heda ya fi manifol na kas saurin ɗaukar zafi saboda bangonsa siriri ne, nan da nan ya yi zafi nan da nan ya huce, kullum yana buɗewa yana tsukewa, fentin da ke kansa dole ya bi shi ko ya tsattsage.

Fentin gwangwani kusan aji uku ne. Akwai na 500 F irin naka. Akwai na 1200 F wanda yake kusan 650 C, galibi don murhun ƙarfe da bututun hayaƙin gida aka yi shi, zai zauna a tsakiyar salansa da tukunyar baya amma a bakin inji yana kan gaɓa. Sai na 2000 F, wato kusan 1090 C, irin su VHT FlameProof da na Rust-Oleum na mota, waɗannan ne aka yi don heda. Su ba irin fentin da ka sani ba ne, abin da ke riƙe su silikon ne da garin siramik, sai wuta ta gasa su sannan suke yin tauri.

kabiru_4silinda:
Injiniya da girmanka amma duk tatsuniya ce. Ni na sa mai 2000 ɗin, ba waɗanda ka ambata ba wani ne daban, wata ɗaya bai rufa ba ya ɗaɗɗago kamar fatar maciji. Lamba ce kawai suke bugawa don a saya

Garba_Fanel:
Kabiru da me ka wanke ƙarfen kafin ka fesa?

kabiru_4silinda:
Na goge shi da tsumma da fetur tas

Garba_Fanel:
Hahaha to ka ji. Fetur yana barin maiƙo a jiki, tsumman ma Allah kaɗai ya san abin da aka goge da shi a baya. Ni shekara da shekaru ina riƙe da bindigar feshi, abin da na gani shi ne mafi yawan fentin da ya ɓare ba wuta ce ta ɓare shi ba, dama can bai kama ƙarfen ba. Ka lura da bambancin, na Baban Nusaiba ƙonewa yayi ya zama gari, naka kuma ɗagowa yayi ɓawo ɓawo, in ka ɗauki ɓawon za ka ga har yanzu baƙi ne. Wannan fentin lafiyarsa lau, zama ne bai samu ba.

Kuma Baban Nusaiba ina da tambaya, da ka sayo hedan ba da wani baƙin fenti ya zo ba?

Baban_Nusaiba:
Eh da shi ya zo, a kansa na ɗora nawa. Na ɗauka ma taimako zai yi

Garba_Fanel:
Inna lillahi. Ɗan'uwa wannan baƙin na ajiya ne, don kar yayi tsatsa a kwali kafin a sayar. Ana tada mota yake ƙonewa, duk abin da ka ɗora a kansa tare za su tafi. Ko da mai 2000 ɗin ka sa haka za ta faru. Dole a kankare shi sai ƙarfe ya fito fari sol. Mafi kyau a kai shi wajen masu feshin yashi, don shi ba kankarewa kawai yake ba, yana bar wa ƙarfen kaushi kaushi wanda fenti zai maƙale. In babu hali to buroshin waya a jikin dirila da sanfefa mai kaushi, amma ka shirya wahala a lungun da bututun suka haɗu don nan hannu baya shiga, kuma daga nan tsatsa ke fara dawowa. In ka gama ka wanke da asiton da tsumma sabo, daga nan kar ka sake taɓa shi da hannu tsirara, sa safar hannu. Na sha ganin shatin yatsa biyar ya fito raɗau a jikin bututu bayan an gasa, daidai inda aka riƙe.

Sannan shafe huɗu masu kauri da kake alfahari da su, su ma laifi ne. Biyu sirara kamar hazo, na uku ɗan dama dama, shi kenan. Fenti mai kauri a wajen zafi tsagewa yake. Kuma kar ka sa firaima ta jikin mota a ƙasa, ita ce za ta fara ƙonewa.

Dogo_Direba:
Ni dai tambayata wa yake leƙa cikin bonet ɗinku ne? Ku bar ƙarfe yayi tsatsarsa mana, tawa shekara nawa ja jawur kuma tana tafiya 😂

Mai_Walda_Isa:
Dogo taka ta kas ce shi ya sa, kaurinta ya isa tsatsa ta ci ta ƙoshi ta bar saura. Heda na baƙin ƙarfe kaurin bangonsa galibi wajen milimita ɗaya da rabi ne, in tsatsa ta kama shi rami take yi, in an kawo min ina ɗora wuta wajen yana zubewa, in toshe nan can ya ɓule. Ba kwalliya ba ce kawai.

Malama_Bilki:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba makanike ba ce, ɓangaren sinadarai na karanta, amma akwai abu uku da nake roƙo a kiyaye tunda na ga ana maganar wanki da wuta. Na farko, ruwan wanke birki na gwangwani akwai nau'in da yake da sinadarin kulorin, in aka wanke ƙarfe da shi sannan aka ɗora masa wutar walda ko aka zafafa shi sosai kafin ya gama bushewa yana iya haifar da iskar fosjin, guba ce da aka yi yaƙi da ita a yaƙin duniya na ɗaya, kaɗan ta isa ta lalata huhu. Asiton ɗin da Malam Garba ya faɗa shi ya fi, amma shi ma yana kama wuta, a nisanta shi da taba da tartsatsi. Na biyu, feshin yashi da yashin gari ba tare da takunkumi na ƙwarai ba yana jawo ciwon huhu da baya warkewa saboda ƙurar silika, shi ya sa masu aikin ke amfani da garin alminiyom oksaid ko ganet. Na uku, duk ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya kar a kai shi wajen nan, tutiya tana narkewa a 420 C, hayaƙinta kuma yana sa zazzaɓi, fenti ma baya zama a kanta in zafi ya kai haka.

Mai_Walda_Isa:
Malama Allah ya saka da alheri. Wannan zazzaɓin na tutiya na san shi a jikina, dare guda ina rawar sanyi na ɗauka maleriya ce, ashe farin hayaƙin da na shaƙa da rana ne.

Baban_Nusaiba:
Na gode ƙwarai. To maganar gasawa fa? ni dai da ya bushe na ɗaura na kama hanya

Injiniya_Hadi:
Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa ko da sun yi komai daidai. Fentin nan in ya bushe a iska bai nuna ba tukuna, farce ma kankare shi yake, fetur ko mai in ya ɗiga a kai sai ya narke. Sai an hau da zafin mataki mataki. In a tanda ne, minti 30 a wajen 120 C a bari ya huce minti 30, sai minti 30 a wajen 200 a sake hucewa, sai na ƙarshe sama da 300. In kuma a jikin mota ne, ka tada ta a silo minti 10 ka kashe ta huce minti 20, ka sake tadawa minti 20 ta sake hucewa minti 20, sannan ka fita da ita tafiya ta hankali kamar minti 30. Haka yake rubuce a bayan gwangwanin VHT, sauran ma kusan haka ne, kowa ya bi na gwangwaninsa. Zai yi hayaƙi da wari kar ka tsorata, amma a fili za ka yi ba cikin gareji a rufe ba. In ka ɗaura ka taka totur kai tsaye, saman fentin zai ƙame alhali na ciki bai gama fitar da ruwansa ba, sai ya yi ƙuraje ya fashe.

Tanda kuma ba wadda ake girki da ita a gida ba dan Allah. Ga guba, ga rigimar da za ta biyo baya wadda ba mu da maganinta a zauren nan.

Yaro_Mai_Tsere:
Duk wannan dogon turanci ne. Baba ka naɗe abinka da ƙyalle kawai, ka jiƙa shi da ruwa ka ja shi tamau ka ɗaure da zoben sitenles, awa ɗaya ka gama. Zafin cikin bonet zai ragu sosai, ni tunda na naɗe nawa sitata ta daina yi min gardama in mota tayi zafi, wayoyin fulogi ma sun daina ƙonewa. Fenti zai yi maka wannan?

Mai_Walda_Isa:
Ƙanena ka dawo nan da damina biyu ka kwance ƙyallen ka turo mana hoto. Ni ne nake karɓar gawarwakin. Ƙyallen yana shan ruwa ya riƙe, ruwan hanya da na wankin inji da raɓa, ƙarfe yana kwance cikin danshi duk dare. Sannan zafin da ka hana fita ai bai ɓace ba, a jikin ƙarfen ya tsaya, sai ya dahu ya rinƙa ɓarewa falle falle daga ciki. Akwai wanda na kwance wa, ƙyallen ne kaɗai ke riƙe da bututun, yana fita bututu na biyu ya biyo shi a hannuna. Kamfanonin heda da yawa ma sun rubuta cewa in ka naɗe babu ruwansu da garanti. Ga kuma mai, in murfin inji yana yoyo ya ɗiga a kai ƙyallen ya sha ya zama lagwani.

Yaro_Mai_Tsere:
To ai nawa sitenles ne Oga

Mai_Walda_Isa:
Sitenles ɗin ma kala kala ne. Sa masa maganaɗisu ka gani, in ya kama da ƙarfi mai yiwuwa nau'in 409 ne, shi yana yin tsatsar sama sama. 304 ya fi shi jure tsatsa amma shi ma zafi in yayi yawa yana tsagewa a gefen walda, shi ya sa masu tobo ke neman 321. Kuma na mai tambaya baƙin ƙarfe ne, kar ka ba shi shawarar da ta dace da naka.

Injiniya_Hadi:
Amma fa a ba yaron nan gaskiyarsa a abu ɗaya. Fentin gwangwani baya rage zafi, kaurinsa bai kai na gashin kai ba, aikinsa hana tsatsa ne da kyan gani. Baƙi ma ya fi farin ƙarfe mai sheƙi watsa zafi ga abin da ke kusa da shi. In matsalar mutum sitata ce ko tiyo ko wayarin da ke dahuwa, to garkuwar kwano tsakani da ɗan sarari na iska ita ce magani mai sauƙi, irin wadda kamfani ke sakawa a kan manifol tun asali mutane suna cirewa suna yarwa don tana ƙara.

Baban Nusaiba da ka cire na kas ɗin ina garkuwar?

Baban_Nusaiba:
Tana but, bata shiga kan sabon ba 🙈

Sadiq_Siramik:
Na makara amma bari in sa baki tunda aikina ne. Tsakanin gwangwani da ƙyalle akwai rufin siramik, kuma shi ma ba iri ɗaya ba ne, mutane na haɗa su a suna ɗaya. Akwai wanda ake fesawa da ƙaramar bindiga ya bushe da kansa a iska, kamar Cerakote jerin C, an ƙiyasta shi har 1800 F wato wajen 980 C, kwana biyar yake ɗauka ya gama nuna, baya buƙatar tanda amma dole sai an yi feshin alminiyom oksaid, in ka yi da ƙwallayen gilashi sulɓi za su sa wa ƙarfen ba zai kama ba. Kar a ruɗe da jerin H nasu na tanda, wannan ba na salansa ba ne. Akwai mai garin alminiyom a ciki wanda ake gasawa a goge ya fito kamar kurom, irin aikin Jet-Hot a Amurka, yana hana tsatsa sosai kuma ana yi ciki da waje, sai dai mai sheƙin in zafi ya wuce iyakarsa dusashewa yake ya koma fari fari a bakin inji, don haka masu tobo baƙi ko ruwan toka suke zaɓa. Sai na can sama, wanda ake narka garin zirkoniya da wutar filasma a watsa a jikin ƙarfen, irin na Zircotec a Ingila da motocin tseren Formula 1 ke amfani da shi, yana da kauri da kaushi kamar sanfefa, shi ne da gaske yake tare zafi.

Amfanin rufin ciki shi ne tsatsa ba daga waje kawai take zuwa ba, duk sanyin safiya in ka tada mota ruwa ne yake taruwa a cikin bututun. Amma tsohon heda mai baƙin hayaƙi a ciki ni bana yarda in rufa cikinsa in akwai tobo a gaba, don in bai kama ba ya ɓalle fankar tobon zai je ya samu.

kabiru_4silinda:
Kowa na yabon hajarsa. Sadiq ai dole ka ce siramik

Sadiq_Siramik:
Haha Kabiru ni ban ce ya kawo ba. In hedan mai araha ne rufin ma zai iya fin shi tsada, gwangwani biyu da haƙuri sun ishe shi, in ya dusashe bayan shekara ya sake. In mai tsada ne kuma yana son ya manta da shi to nan ne lissafi ke canzawa.

Auwal_Wayarin:
Ba wanda ya ambaci sansa. Dan Allah ka kwance sansar oksijin kafin feshi, ka toshe ramin da tsohon noti ko takarda, silikon yana kashe ta, in ta mutu mota ta fara shan mai kana neman dalili. Fuskar da gasket ke zama ma ka rufe ta da salatif. Kuma wajen ɗaurawa ka naɗe bututun da tsohon tawul don ɗanyen fenti sifana na taɓa shi ya kwarzane, ka cire tawul ɗin kafin ka tada fa

Hamza_Foda:
Fentin foda fa, wanda ake wa rim?

Garba_Fanel:
A'a. Shi a wajen 200 C ake gasa shi, ka ga ko silo ba zai jure ba. Akwai na zafi na musamman amma ba a bakin inji ba.

Baban_Nusaiba:
Jama'a na dawo. Na kwance hedan yau da niyyar kankarewa, sai na lura da wani abu, bututu na uku ya fi sauran ƙonewa nesa ba kusa ba, farin ya sauko har kusan gwiwa, ƙarfen ma yayi wani shuɗi shuɗi, sauran ukun kuwa iya taƙi ɗaya ne kamar yadda na faɗa. Ko ni ne ban fesa shi daidai ba?

Injiniya_Hadi:
Tsaya tukuna, ajiye sanfefar. Wannan ba maganar fenti ba ce, silinda ta uku tana gaya maka wani abu. Ko nozil ɗinta ya fara toshewa mai baya isa, ko iska na shiga ta gasket ɗin manifol na shan iska, ko bawul ɗin fitar hayaƙi baya rufewa sosai. Ciro fulogi huɗun ka jera su a kan kwali bi da bi ka ga ko na ukun ya fi fari. In da duka huɗun ne suka yi haka da sai in ce a duba taimin, don wuta in ta makara mai yana ƙarasa ƙonewa ne a cikin bututu. Ina ma zargin abin da ya tsaga maka na kas ɗin ke nan tun farko. A ina ya tsage?

Baban_Nusaiba:
Tsakanin na biyu da na uku

Mai_Walda_Isa:
Nan dama suka fi tsagewa ko inji lafiya yake, na tsakiya sun fi cin wuta don suna matse da juna. Ba lallai nozil ba ne Injiniya. Amma dai shuɗin nan a guda ɗaya ni ma bai kwanta min ba

Sadiq_Siramik:
Ko ma mene ne a gyara kafin a rufa. Mu ma bama son a ɗaura sabon rufi a injin da aka sake haɗawa ba a gama saita shi ba, rabin awar farko ta isa ta dusar da shi sannan a zo ana cewa aikinmu ne. Ka samu ma'aunin zafi mai kama da bindiga ka auna kowane bututu a nisa ɗaya daga bakin inji, amma yanzu da ƙarfen bai yi sheƙi ba, don in yana ƙyalli ma'aunin ƙasa yake karantawa.

Yaro_Mai_Tsere:
Da ya naɗe da ƙyalle da hankalinsa kwance bai ga komai ba 😂

Garba_Fanel:
Har ranar da bawul zai ƙone ba. Baban Nusaiba in za ka sayi gwangwanin ka tsaya a baƙi ko ruwan alminiyom, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa suna da kyau a murfi amma su ne ke fara canza kala a bakin inji.

Baban_Nusaiba:
To na ji Oga. Fulogin na wajen yaron shago, gobe da safe insha Allah zan turo hoton su. Auwal salatif ɗin na takarda ko na roba?